Kama da Wane Ba Ta Wane: Wahalar Tantance Dodon Koɗin Teku a Ƙarƙashin Ruwa

A ce mai nutso ya goya tukunyar iska ya sauka a Sanganeb, zoben murjanin nan da ke cikin Bahar Maliya, kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan. A zurfin mita 15 ya hango wata 'yar dabba da ba ta wuce tsawon yatsa ba, tana jan ciki a kan wani soso ja. Bayanta ratsi-ratsi ne, baƙi da wani launi mai haske, gefen jikinta kuma kewaye da ruwan lemo kamar bakin zani. A kanta akwai ƙahoni biyu, a ƙugunta wani tuntu kamar na hular dara. Ya ɗauki hoto, ya hau jirgi, ya buɗe littafin sunaye. Shafin da ya buɗe yana ɗauke da hotuna shida ko bakwai, kowanne ka kalla sai ka rantse ita ce.

Dabbar nan 'yar uwar dodon koɗi ce, sai dai ba ta da ƙoƙon da yake fakewa a ciki. Da ƙoƙonta ake ƙyanƙyashe ta, amma tana yar da shi tun tana 'yar mitsitsiya, ta ƙarasa rayuwarta tsirara. Masana na kiran babban rukuninsu Nudibranchia, kalmar da aka haɗa daga Latin da Girkanci, ma'anarta masu gaɓar numfashi a waje. Tuntun nan na ƙugu shi ne gaɓar numfashin. Ƙahonin kuwa ba na faɗa ba ne, hanci ne: da su take sansano abinci da abokin barbara a cikin ruwa. An bayyana nau'i sama da 3,000 a wannan rukuni, ana kuma ci gaba da samun sababbi kowace shekara. Kowane nau'i yana da suna biyu na Latin, na farko sunan gida, na biyu sunan yanka. Gano gida yawanci ba ya ba mai nutso wahala. Sunan yankan ne ke sa gardama a kan jirgi har a dawo gaɓa.

Mu tsaya kan dabbar ta Sanganeb. A Bahar Maliya, tekun da alhazanmu na hanyar ƙasa suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda, akwai 'yan gida ɗaya guda biyu da aka fi rikitawa. Ɗaya ita ce Chromodoris quadricolor, wato mai launi huɗu, wadda Bajamushen matafiyi Eduard Rüppell da abokin aikinsa Leuckart suka bayyana a wajajen 1830. Ɗayar ita ce Chromodoris africana, wadda Charles Eliot ya raɗa wa suna a 1904, mutumin da a shekarun ya riƙe mulkin yankin Gabashin Afirka da ke hannun Birtaniya, yana kuma nazarin waɗannan halittu a gefe. A kan takarda bambancin a fili yake. Ta farko tsakanin baƙaƙen ratsinta shuɗi ne. Ta biyu baƙin ya fi rinjaye, ratsin da ke tsaga shi kuma fari ne siriri.

To amma a kan takarda ke nan. Ruwa ɓarawon launi ne, kuma da tsari yake satarsa. Ja ne ke fara tafiya, tun a mita 5 na farko ya soma dusashewa. Ruwan lemo ya bi baya, sannan rawaya, har a wayi gari komai ya koma shuɗi da kore. A mita 15, farin ratsin africana shuɗi-shuɗi zai bayyana ga idon da ba shi da tocila, wato ruwan da kansa ya mayar da ita quadricolor. Wanda ya haska fitilar kyamara da ƙarfi kuma yana iya ƙone shuɗin quadricolor ya fito fari fat a hoto, ya mayar da ita africana. Ga gilashin fuska da ke ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, har mutum ya fito yana cewa ya ga dabba mai santimita 8 alhali ba ta wuce 6 ba. Shaidun farko biyu da mai nutso ke dogara da su, launi da girma, tun kafin a fara shari'a an riga an taɓa su.

Da a ce matsalar ta tsaya ga ruwa da haske, da tocila mai kyau ta raba gardama. Abin ya fi haka zurfi, domin kamannin nan ba haɗari ba ne. Da dalili dabbobin suka yi kama da juna.

Dabbar da ba ta da ƙoƙo, ba ta da gudu, ba ta da haƙorin cizo, tana tafiya a fili tsakar rana a gaban kifaye masu yunwa, dole tana da abin da ta taka. Abin da ta taka guba ne, kuma mafi yawansa ba nata ba ne, na abincinta ne. Soson teku dabba ce da ke manne wuri ɗaya, ba ta iya gudu, don haka da sinadarai masu ɗaci da guba take kare kanta. Quadricolor tana kiwo a kan jan soson nan na Bahar Maliya mai suna Negombata magnifica, wanda ke ɗauke da sinadarin latrunkulin, gubar da ke wargaza zaren da ke riƙe da siffar ƙwayoyin jiki. Dabbar na cin soson ba tare da ya yi mata illa ba. An kuma gano cewa 'yan gidan Chromodoris da dama suna ware wannan sinadari su tara shi a gefen mayafin bayansu, daidai inda bakin kifi zai fara sauka. Launin mai ɗaukar ido sanarwa ce: wanda ya taɓa ɗanɗanawa kada ya sake. Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne, idanun dabbar ƙanana ne ƙwarai, haske da duhu kawai suke rarrabewa. Ba ta taɓa ganin adon da ke jikinta ba. Domin kifi aka yi shi.

Yanzu a duba lissafin daga ɓangaren kifin. Sai ya ɗanɗana ya ji ɗaci kafin ya koyi darasi, kuma kowane darasi wata dabba ce ke biyan kuɗinsa da jikinta. Idan nau'i goma masu guba a wuri ɗaya kowanne yana da adonsa daban, sai kifi ya yi darasi goma. Idan kuwa duk suka fito da ado iri ɗaya, darasi ɗaya ya wadatar, asarar kuma ta rabu a tsakaninsu. Anko ke nan. Duk wanda ya taɓa neman ƙanwarsa a cikin 'yan matan amarya ranar kamu ya san abin da anko ke yi wa ido: daga nesa kowa ya san 'yan biki ne, amma fitar da mutum ɗaya sai an matso an dubi fuska. Fritz Müller, Bajamushen da ya zauna a Barazil, shi ya bayyana wannan a 1878 daga nazarin malam buɗe littafi. Kafin shi, a 1862, Henry Walter Bates ya bayyana ɗaya fuskar al'amarin, inda marar guba ke shiga ankon masu guba ya ci arzikin tsoron da ake yi musu, kamar wanda ya ɗinka atamfar biki ba tare da an gayyace shi ba. Duka biyun suna faruwa a tsakanin dodon koɗin teku.

Misali mafi kyau yana kudu maso gabashin Ostareliya, inda nau'o'i da dama, wasu ma ba gida ɗaya ba, suka haɗu a kan farin jiki mai jajayen ɗigo da rawayan gefe. Bill Rudman, masanin da ya yi aiki a gidan tarihin Ostareliya da ke Sidni, ya daɗe da jawo hankali kan wannan taro. Ɗaya daga cikinsu, Goniobranchus splendidus, ɗigonta yana sauyawa daga gaɓa zuwa gaɓa, wani wuri manya, wani wuri ƙanana, amma rawayan gefen ba ya canzawa. Wani bincike da aka buga a 2017 ya gwada kifi da zane-zanen dabbar, ya nuna cewa rawayan gefen ne kifin ke riƙewa ya guje ta, ba ɗigon ba. Wannan ya bayyana abubuwa biyu lokaci guda. Abin da maƙiyi ke kallo shi ne ke zama iri ɗaya a tsakanin nau'o'i daban-daban. Abin da maƙiyi bai damu da shi ba kuma yana da 'yancin sauyawa ko a cikin nau'i ɗaya. Mai nutso na shan wahala ta fuska biyu ke nan: baƙi sun yi kama da juna, 'yan uwan ciki ɗaya kuma sun sha bamban.

A 2018 masu bincike uku, Kara Layton da Terrence Gosliner da Nerida Wilson, suka auna girman wannan rikici a gidan Chromodoris. Sun gwada ƙwayoyin halittar dabbobi 345 daga sassan Tekun Indiya da Pasifik. Suka sami rukuni 39, guda 18 daga ciki ba a taɓa raɗa musu suna ba. Biyar kacal a cikin 39 ɗin ne ke da tsayayyen ado da za a iya dogara da shi. Suka kuma ga cewa nau'i biyu, colemani da joshi, suna sauya ado gwargwadon yankin da suke, su yi kama da 'yan gidansu da suka fi yawa a wurin. Wato nau'i ɗaya ne, amma a wannan tsibiri ya sa ankon waɗannan, a wancan tsibiri ya sa na waɗancan. A ganina duk mai riƙe da littafin hotuna a kan jirgi ya kamata ya san wannan sakamako, domin ya nuna cewa littafin da kansa, komai ingancinsa, a wannan gida yana iya kai mutum kusa ne kawai.

To me ya rage wa mai nutso? Da yawa, in ya sauya tsarin kallonsa. Ido yana fara faɗawa kan launi, amma launi ya kamata ya zo ƙarshe. Ginin jiki ne farko.

Tambayar farko ma ita ce ko abin da ake kallo dodon koɗi ne. Akwai shimfiɗaɗɗun tsutsotsin teku masu launi kamar an zana su da alkalami, kuma sabon mai nutso kusan kullum yana ɗaukarsu dodon koɗi. Tsutsar siririya ce kamar ganye, ba ta da tuntun numfashi, tafiyarta ta fi sauri da santsi, abin da ke kama da ƙaho a gabanta kuwa gefen jikinta ne kawai ta naɗe. Wata daga cikinsu, Pseudoceros imitatus, sunan yankanta ma yana nufin mai kwaikwayo, ta kwafi Phyllidiella pustulosa har da ƙurajen baya masu ruwan hoda da baƙaƙen ƙahonin ƙarya. Akwai kuma wata dabbar daban, kokwambar teku mai suna Pearsonothuria graeffei, wadda 'ya'yanta ke fitowa da baƙi da shuɗi-fari da rawayan tsini irin na Phyllidia varicosa. In ta girma ta wuce girman wadda take kwaikwaya, sai ta tuɓe ankon ta koma launin ƙasa-ƙasa, domin ƙaryar ba za ta ƙara karɓuwa ba.

In an tabbatar dodon koɗi ne, sai a nemi inda yake numfashi. Tuntu a ƙugu rukuni ɗaya ne. Baya cike da tsinkaye masu kama da yatsu wani rukuni ne, wanda da yawansu ke cin dabbobi masu harbi su adana makaman harbin a kan tsinin yatsun. Gaɓar numfashi ɗaya a ɓoye a gefen dama wani dangi ne daban. Ƙahoni naɗaɗɗu kamar tabarma da jiki kore yawanci na masu cin ganyen ruwa ne. Kai mai faɗi kamar garkuwa, babu ƙaho, da wutsiya mai reshe biyu, shi ma wani dangi ne. Wannan kallo na daƙiƙa biyar yana zubar da kashi mafi yawa na littafin kafin a kai ga maganar launi.

Dangin Phyllidia sun cancanci a daɗe a kansu, domin su ne mai nutso zai fi yawan gamuwa da su a tekunan zafi, kwance a fili ba tsoron kowa, kuma su ne aka fi yi wa suna barkatai. Ba su da tuntu. Gaɓoɓin numfashinsu a jere suke a ƙarƙashin mayafi, tsakaninsa da tafin ciki. Bayansu tauri ne da ƙuraje. Gubarsu tana da ƙarfin da guda ɗaya in ta ji takura a cikin tankin kifi tana iya hallaka abin da ke ciki. A nan ƙaho ne mabuɗin farko. 'Yan gidan Phyllidia ƙahoninsu rawaya ne ko ruwan madara. 'Yan gidan Phyllidiella nasu baƙi ne. Da yawa daga 'yan gidan Phyllidiopsis nasu launi biyu ne, ruwan hoda da baƙi, kuma 'yan tsinkayen bakinsu a haɗe suke, ba a rabe ba. Bayan gida sai sunan yanka. Varicosa da coelestis duka baƙi ne da shuɗi-toka da rawayan ƙuraje. Amma a varicosa akwai kunya da ta bi tsakiyar baya a miƙe, a coelestis kuwa kunyoyin sun haɗu ta gaba sun yi siffar gwafa. Shaida mafi ƙarfi tana ƙasa: varicosa tana da baƙin layi da ya bi tsakiyar tafin cikinta, coelestis ba ta da shi.

Nan ne ake samun jarrabawa, domin tafin ciki ba ya ganuwa sai an kifar da dabbar. Ni ina tare da masu cewa kada a taɓa. Ba don tausayi kaɗai ba, ko da yake tausayin ma ya isa dalili ga dabba mai laushin jiki da aka ɓamɓare daga abincinta. Taɓawa tana ɓata shaidar da ake nema. Da yawan masu tuntu da zarar sun ji motsi sai su zuƙe tuntun da ƙahonin cikin jiki su dunƙule, a bar mai hoto da ƙwallon nama mai launi. Wanda ya yi haƙuri ya daidaita numfashinsa, ya tsaya cak ba ya tayar da yashi, sau da yawa dabbar da kanta za ta hau bakin dutse ko ta ɗaga gaba, ƙasan ya bayyana. In bai bayyana ba, a haƙura da sunan yankan. Neman tabbataccen suna ta hanyar ɗauko dabba aikin masu bincike ne da ke da izini, waɗanda za su adana ta a gidan tarihi inda wani zai iya sake dubawa bayan shekara 50.

A gidan Chromodoris, tunda babban zane ba abin dogaro ba ne, ƙananan alamu ake bi. Lochi da willani, waɗanda Rudman ya bayyana a 1982, duka shuɗi ne mai haske da siraran baƙaƙen layuka. Wanda ya tsaya kallon baya ba zai raba su ba. A dubi ƙaho da tuntu: na willani an yayyafa musu fararen ɗigo kamar garin gishiri, na lochi babu. Annae da elisabethina duka shuɗi ne da baƙi da gefen ruwan lemo. A matso da kyamara: shuɗin annae cike yake da ƙananan ɗigo masu duhu kamar fatar lemo, na elisabethina sumul yake, kuma baƙin layi ya ratsa tsakiyar bayanta. A magnifica ruwan lemon bai kai bakin mayafi ba, akwai fari a wajensa. Jerin launukan bakin mayafi, daga waje zuwa ciki, yana daga cikin abubuwan da masana suka fi tambaya, kuma shi ne abin da hoton da aka ɗauka daga nesa ya fi ɓatarwa. Goniobranchus geminus ta Bahar Maliya da Tekun Indiya, wadda sunanta ke nufin ɗan tagwai, an kira ta haka ne saboda kamarta da kuniei ta yammacin Pasifik. Duka suna da ɗigo masu duhu kewaye da zobe mai haske a kan jiki rawaya-rawaya. Amma bakin mayafin geminus fari ne a can waje, na kuniei kuwa shunayya ne. Duk da haka, bayan abin da binciken 2018 ya nuna, waɗannan alamu ma suna ƙara ƙarfin zato ne, ba su zama hatimi ba.

Akwai shaidun da hoto ɗaya ba ya kamawa, sai mai ido da ya tsaya. Geminus da kuniei suna tafiya suna ɗaga gefen mayafi suna saukewa, kamar mai fifita. Hypselodoris tryoni, wadda ta shiga ankonsu na ɗigo, jikinta ya fi tudu, mayafinta ya fi ƙunci, kuma an san ta da tafiya bibbiyu, ɗaya na bin ɗaya kai a jikin wutsiya. Ƙwai ma shaida ne: 'yan Chromodoris na ainihi suna shimfiɗa zaren ƙwansu kwance a kan dutse, alhali dangi da yawa na kusa da su suna tsayar da shi a kan gefensa kamar naɗin rawani. Sai abinci. Da yawan waɗannan dabbobi abu ɗaya ko biyu kawai suke ci a duniya, don haka soson da aka same su a kai rabin suna ne. Mai hoton da ya yanke soson daga hotonsa don dabbar ta cika fuska ya yar da rabin bayanin da ya sha wahalar nutsowa nema.

Wuri kuma yana yanke gardama da yawa. Dabbar da ta yi kama da quadricolor amma aka ɗauke ta a Anilao ta ƙasar Filifin ko a mashigin Lembeh na Indunusiya, kusan tabbas wata ce daban, domin quadricolor 'yar Bahar Maliya ce da yammacin Tekun Indiya. Littafin da aka rubuta don wani teku yana iya sa mutum ya raɗa wa dabba sunan wadda ba ta taɓa zuwa inda yake ba. Sai dai wuri ma ba katanga ba ne. Tun da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 halittun Bahar Maliya ke tsallakawa Bahar Rum, kuma a cikinsu akwai dodon koɗi irin su Hypselodoris infucata da Goniobranchus annulatus, waɗanda yanzu ake gani a gabashin Bahar Rum. Wanda ya ce ba zai yiwu ba don littafi bai ambata ba, yana iya kasancewa shi ne mutum na farko da ya ga baƙo ya kore shi da baki.

Sunayen da kansu suna motsi. A 2012 Rebecca Johnson da Gosliner suka sake tsara dangin gaba ɗaya bisa gwajin ƙwayoyin halitta, dabbobi da yawa da aka sani da Chromodoris suka koma Goniobranchus, na Tekun Atalantika da aka sani da Hypselodoris suka koma Felimare. Mai tsohon littafi da mai sabo suna iya yin musu a kan dabba ɗaya alhali dukansu sun gane ta daidai. Wani lokaci kuma suna ɗaya ne ke fashewa. A 2015 aka nuna cewa Pteraeolidia ianthina, doguwar nan mai kama da dodon tatsuniya da ake kiran kowace irinta da wannan suna daga Bahar Maliya har Hawayi, ta ainihin tana gaɓar kudu maso gabashin Ostareliya ne kawai. Babbar ja mai rawa, Hexabranchus sanguineus, wadda masu nutson dare a Bahar Maliya ke ɗokin gani tana iyo tana kaɗa mayafi, tsawonta kan kai santimita 40, an daɗe ana ɗaukarta nau'i ɗaya a duk faɗin Tekun Indiya da Pasifik. A 2023 bincike ya raba ta biyar. Idan dabba mai girman faranti, ja wur, da dubban mutane suka ɗauka hoto, ta iya ɓoye nau'i biyar a ƙarƙashin suna ɗaya shekaru da dama, sai a ƙiyasta abin da ke ɓoye a cikin masu girman ƙwayar shinkafa.

Abin da ke raba nau'i da nau'i a wurin masana sau da yawa ba ya ganuwa a ruwa ko kaɗan. Harshen dabbar kamar magagari yake, jere da ƙananan haƙora, kuma siffar haƙoran da yawansu a kowane layi sai an fiɗe ta an sa a na'urar ƙara girma. Haka tsarin gaɓoɓin haihuwa, waɗanda kowace dabba ke ɗauke da na namiji da na mace a gefen damanta. Haka ƙwayoyin halitta. Mai nutso yana da abin da bai wuce awa ɗaya ba a tukunyarsa, rabin hankalinsa na kan ma'aunin iska da zurfi da abokin nutsonsa, igiyar ruwa na jansa. Ba a nemi ya yi aikin ɗakin bincike ba.

Abin da aka nema gare shi shi ne ya faɗi iyakar abin da ya gani, kuma masana sun tanadi hanyar yin haka. In an gane gida ba a gane ɗa ba, sai a rubuta sunan gida a bi shi da sp., wato wani ɗan gidan. In ya yi kama da wani sananne amma da saura, sai a sa cf. a tsakanin sunayen biyu, wato a kwatanta da wane. Wasu na ganin wannan gazawa ce, suna so kowane hoto ya fita da cikakken suna. Ni ina ganin akasin haka, kuma dalilina na aiki ne. Masu binciken waɗannan dabbobi a duniya 'yan kaɗan ne, tekun kuma ba shi da iyaka. Yawancin abin da aka sani game da inda kowane nau'i yake, da watan da yake fitowa, da yadda yake matsawa sa'ad da ruwa ke ƙara ɗumi, daga hotunan masu nutso yake zuwa, ta rumbunan intanet irin su iNaturalist. Suna ɗaya na kuskure da aka rubuta da gaba gaɗi yana iya sa taswira ta nuna dabba a tekun da ba ta ciki, wani ya kwafa, wani ya kafa hujja da shi. Guda 18 ɗin nan na gidan Chromodoris da binciken 2018 ya samu ba su da suna ba a ɓoye suke a rami ba. A fili suke kiwo, a wuraren da ake nutso kullum, ana ɗaukarsu hoto ana manna musu sunayen maƙwabtansu.

Mai nutson Sanganeb, in ya koma washegari, abin da zai yi daban kaɗan ne. Zai kunna tocila kafin ya yanke hukunci kan shuɗi ko fari. Zai ɗauki hoto daga sama don zanen baya, daga gefe don tudun jiki da bakin mayafi, sannan na kusa a kan ƙaho da tuntu suna buɗe. Zai ja baya ya ɗauki ɗaya da soson a ciki, da wani abu da aka san girmansa a kusa. A allon hannunsa zai rubuta zurfi da wuri da rana. In ratsin ya fito shuɗi a ƙarƙashin hasken tocila, dabbar na kan jan sosonta, a tsakiyar Bahar Maliya, yana da hujja uku da suka haɗu, ya rubuta quadricolor. In ratsin ya tsaya tsakanin fari da shuɗi, ya rubuta Chromodoris cf. africana, ya tura wa masana hotunan duka huɗu.